Daga Faɗuwa Zuwa Komawa Kan Babur: Jagorar Kayan Kariya da Jinya Daga Filin Tseren MotoGP

A shekarar 2013, a filin tsere na Mugello da ke Italiya, Marc Marquez ɗan ƙasar Sifaniya ya faɗi daga kan babur yana gudun da ya haura kilomita 330 a awa ɗaya. Ranar Juma'a ce, lokacin gwaji. Ya bugu a haɓa, jikinsa ya yi tsami, amma ranar Lahadi sai ga shi cikin masu tsere. A titunan garuruwanmu kuwa, mutum yakan faɗi a gudun kilomita 40 ya kwana a asibiti, wani ma sai dai a yi masa sutura. Ba wai jikin Marquez ya fi na kowa ƙwari ba ne. Abin da ke jikinsa lokacin da ya taɓa ƙasa, da wurin da ya faɗi, da abin da aka yi masa a mintunan farko, su ne suka bambanta su.

'Yan tseren MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, sun fi kowa sanin faɗuwa, domin wasunsu kan faɗi sau ashirin ko fiye a kakar wasa guda. Don haka daga wurinsu za mu ɗauki darasi, ko kai mai sha'awar tsere ne, ko ɗan acaɓa, ko mai zuwa aiki a kan babur.

Mataki na ɗaya: hular kwano

Idan kuɗin abu ɗaya kawai kake da shi, hula za ka saya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, tana kuma rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari.

Sai dai ba kowace hula ce hula ba. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da tukunya a kai don kauce wa kamu. Abin ya ba da dariya a lokacin, amma hular roba mara komai a ciki da ake sayarwa a bakin titi ba ta fi ƙwaryar nan da wani abin kirki ba. Aikin hula ba a ɓawon waje yake ba. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani farin soso mai tauri, mai kauri kamar yatsu biyu, wanda yake murƙushewa idan an bugu, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ka ɗaga ƙyallen ciki ka duba. Idan babu wannan soson, ka ajiye ta.

Ka nemi shaidar gwaji. Ta Turai ita ce ECE 22.05 ko sabuwarta ECE 22.06, kuma ana ɗinka ta ne a jikin maɗaurin haɓa, da harafin E da lamba a cikin da'ira. Ta Amurka ita ce DOT, wadda ake liƙawa a ƙeyar hular, amma da yake kamfani ne ke ba wa kansa wannan shaidar, jabunta ya fi yawa. A MotoGP kuwa tun daga 2019 ba a yarda da hular da ba ta ci gwajin hukumar tseren babura ta duniya, wato FIM, ba.

Ka zaɓi mai rufe fuska gaba ɗaya har da haɓa. Mutum idan ya tashi sama daga kan babur, sau da yawa da fuska yake sauka, kuma hular da ta tsaya a kunne ba ta san da muƙamuƙi da haƙora ba.

Sai batun awo. Ka zagaya kanka da tef ɗin tela daga saman gira, ka sayi lambar da ta dace. Sabuwar hula ya kamata ta matse kumatu kaɗan ba tare da ta sa ciwon kai ba. Ka ɗaure ta, ka kama ƙeyarta da hannu biyu ka yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. In ta fita, ta yi maka girma. Maɗaurin kuma ya kwanta a ƙarƙashin haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu kaɗai za su shiga. 'Yan tsere suna amfani da maɗauri mai zobba biyu ne, domin ba ya kwancewa da kansa. Hular da aka ɗora a kai ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Kada ka sayi ta gwanjo. Soson nan sau ɗaya yake aiki, in ya murƙushe ba ya dawowa, kuma ana iya ganin hula tana ƙyalli a waje alhali cikinta ya gama aiki. Ko ba a faɗi da ita ba, kamfanoni suna ba da shawarar a canza ta bayan kamar shekara 5, kuma zafin rana irin namu ba ya ƙara mata kwana.

Mataki na biyu: hannu da ƙafa

Duk wanda zai faɗi, hannu yake fara miƙawa, ba ya ma sanin ya yi. Saboda haka safar hannu ce ta biyu bayan hula. Ka nemi ta fata, mai ninki biyu a tafi, mai maɗauri a wuyan hannu. Masu kyau suna da wata roba mai tauri a gindin tafi, wadda ke sa hannu ya zame a kan kwalta maimakon ya cije. In hannu ya cije jiki yana tafiya, wuyan hannu ne ke biya.

A ƙafa, takalmin da ya rufe idon sawu, mai tafi mai tauri da ba ya lanƙwashewa. Babur yakan kwanta ne a kan ƙafar mai shi, ga nauyi ga zafin salansa. Silifa da takalmin soso suna cirewa tun kafin a taɓa ƙasa. In ba ka da halin na tsere, but ɗin fata irin na ma'aikata ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ka tura igiyoyinsa ciki kada su kama giya ko sarƙa.

Mataki na uku: riga, wando da kariyar baya

Rigar ɗan tsere haɗe take da wando, ta fatar saniya ko ta dabbar kangaru, wadda ta fi sauƙin nauyi kuma ta fi ƙarfi. Aikinta biyu ne. Fatar tana hana kwalta cin naman jiki, sannan a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙugu akwai matasai masu shanye bugu. A baya akwai wani faranti mai bin tsawon ƙashin baya, a ƙirji ma akwai nasa. Tun daga 2018 aka wajabta jakar iska a cikin rigar kowane ɗan tseren MotoGP. Na'urorin da ke jikin rigar suna gane cewa mutum ya rabu da babur, sai jakar ta cika da iska kafin ƙiftawar ido, ta rufe kafaɗu da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji tun bai kai ƙasa ba. Kamfanonin Dainese da Alpinestars na Italiya ne suka yi fice a wannan, kuma yanzu ana samun irinta ta masu hawan titi, sai dai da tsada.

Na san abin da mai karatu a Sakkwato ko Zinder zai ce: wa zai sa rigar fata a watan Afrilu? Gaskiya ne. Amma akwai riguna na zare mai ƙarfi masu raga-raga, da iska ke ratsawa, da matasan kariya a cikinsu. Ka duba takardar da ke ɗinke a ciki. Lambar EN 17092 ita ce ta rigar, da daraja AAA ko AA ko A, kuma AAA ce ta fi jure gogayya. EN 1621-1 ta matasan gaɓoɓi ce, EN 1621-2 ta farantin baya, kowacce da mataki na 1 da na 2, na 2 ya fi shanye bugu. Ka gwada rigar kana zaune kamar kana tuƙi. Idan matashin gwiwar hannu yana yawo, ranar da ake buƙatarsa ba zai kasance a wurin ba.

Babbar riga da doguwar jallabiya da mayafi mai jan ƙasa kuwa, a naɗe su da kyau kafin a hau. Tayar baya ta sha fizgo mata daga kan babur ta hanyar gefen hijabi.

Mataki na huɗu: lokacin faɗuwar

Faɗuwa a kwana iri biyu ce. Akwai ta zamewa, inda taya ta saki ƙasa babur ya kwanta ta ɓangaren da ka karkata, kai da shi ku tafi kuna zamiya. Wannan da sauƙi in akwai kaya a jiki. Akwai kuma ta wurgi, inda tayar baya ta zame sannan ta sake cafke ƙasa farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla mai shi sama. Ita ce mai karya ƙashi. Yawanci tana zuwa ne daga murɗa totur da ƙarfi a tsakiyar kwana, ko taka birkin baya har taya ta kulle sannan a saki.

Idan ta faru ta riga ta faru, abu uku ne a hannunka. Ka saki babur, kada ka riƙe shi, domin ya fi ka nauyi kuma zai ja ka inda ba ka so. Ka tattara hannuwanka jikin ƙirji in kana mirginawa, kada ka kafe su don tsayar da kanka. Sannan kada ka yi saurin miƙewa. Mutum yakan ɗauka ya tsaya alhali yana kan zamiya, da ya dasa ƙafa sai ya tashi sama ya fara wuntsilawa. Ka ƙirga har biyar bayan ka ga ka tsaya, sai dai in kana tsakiyar titi mota na tahowa.

A nan ya kamata a faɗi iyakar kayan kariya. Ranar 23 ga Oktoban 2011, a filin Sepang na Malesiya, Marco Simoncelli ɗan Italiya mai shekara 24 ya zame a kwana, babur ɗin ya jawo shi zuwa tsakiyar hanya, masu binsa biyu suka buge shi, hularsa ta cire, ya rasu a ranar. Yana sanye da kayan da babu kamarsu a lokacin. Kaya suna kare mutum daga ƙasa, ba sa kare shi daga abin da ya taka shi. Shi ya sa filin tsere yake da fili mai faɗi da tsakuwa a bayan kowace kwana, kowa yana tafiya ta hanya ɗaya, ga masu ɗaga tuta, ga likitoci da jirgi mai saukar ungulu a shirye. Matasan da ke tsere da wasan ɗaga taya a titi ranar ɗaurin aure ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke bayan kwanarsu shi ne kwalbati da turken lantarki da tirela.

Mataki na biyar: in kai ne ka fara isa wurin

Da farko ka tsare hanya. Ka sa wani ya tsayar da motoci daga nesa, a kashe babur ɗin saboda fetur. Ka kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112 in a Nijeriya kake.

Kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a jijjiga shi. Taron jama'a na da niyya mai kyau, amma ɗaukar mutum ta hannu da ƙafa a cusa shi cikin adaidaita sahu ya sha mayar da tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, yana yi masa magana. Ka tambaye shi sunansa, ka tambaye shi ko yana jin yatsun hannu da na ƙafa.

Hular kwano a bar ta a kansa, a ɗaga gilashin kawai. Ana cire ta ne idan ba ya numfashi, ko yana amai har zai shaƙe, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tallafe wuya da muƙamuƙi, ɗayan ya buɗa gefen hular ya zare ta a hankali.

Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ƙashin da ya karye a bar shi yadda yake, a tallafe shi da katako ko kwali a ɗaure sama da ƙasan karayar. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin wataƙila tiyata za a yi masa, kuma wanda hankalinsa bai dawo daidai ba yana iya shaƙewa.

In babu motar asibiti kuma dole a ɗauke shi, a nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai lokaci guda, kai da wuya da gadon baya a miƙe, a sa shi a motar da zai kwanta sosai.

Mataki na shida: asibiti, ko da ka tashi da ƙafarka

Bayan faɗuwa jini yana kan zafi, ba a jin ciwo. Mutum zai kakkaɓe riga ya ce alhamdu lillahi babu komai. Wanda ya bugu a kai, musamman in ya suma ko na ɗan lokaci, ko ya kasa tuna yadda abin ya faru, ya je a duba shi a ranar. Akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da ke barin mutum yana hira lafiya lau na wasu awanni, sannan ya kife. A kwana biyun farko kada ya kwana shi kaɗai. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyin da ba a iya tashinsa, ruɗewa, ganin abu biyu-biyu, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, kowanne daga ciki dalili ne na komawa asibiti cikin dare. Haka ciwon ciki ko wahalar numfashi bayan an bugu a haƙarƙari.

Ƙujewar kwalta a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har sai yashi ya fita, duk da zafin da za a sha, a rufe da bandeji, a yi allurar tetanus. Baƙin mai da man birki da ruwan batir da ake zubawa a gareji ƙona naman suke yi, su kuma shigar da datti.

Ciwo a wuyan hannu ta gindin babban yatsa kada a ce targaɗe ne a wuce. Akwai wani ɗan ƙashi a wurin da karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba, kuma jini ba ya isarsa sosai, in aka yi sakaci ba ya haɗewa. In ciwon bai tafi ba bayan kwana 10 zuwa 14, a sake hoto.

Batun ɗori kuwa, na san gidaje da yawa can suke fara nufa. Abin da zan ce shi ne a yi hoton ƙashi tukuna. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga gaɓa, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta baya, aikin asibiti ne, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuma kowane irin ɗauri aka yi, na kara ko na siminti, idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, a sassauta shi nan take a tafi asibiti. Ɗaurin da ya toshe jini shi ke kai mutum ga yanke hannu.

Mataki na bakwai: jinya

Ranar 19 ga Yulin 2020, a filin Jerez na Sifaniya, babur ya yi wurgi da Marquez, ya karye a ƙashin damtsen dama. Bayan kwana biyu aka yi masa tiyata a Barcelona, aka ɗaure ƙashin da farantin ƙarfe da kusoshi. Kwana huɗu da tiyatar ya sake hawa babur a wannan filin yana neman shiga tsere na gaba, har sai da hannun ya gaza ya haƙura. A farkon Agusta farantin ya karye, shugaban tawagarsa ya ce a wajen buɗe taga ne a gida, amma ƙarfen ya riga ya sha wahala. Aka yi tiyata ta biyu. Ƙashin ya ƙi haɗewa, a Disamba aka yi ta uku a Madrid, aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka dasa, aka kuma gano ƙwayoyin cuta sun shiga wurin. Bai koma tsere ba sai Afrilun 2021 a Fotugal. Ko da ya dawo, ƙashin ya haɗe ne a murɗe, har sai da aka sake yanka shi aka juya shi a asibitin Mayo da ke Amurka a watan Yunin 2022. Mutumin da ya ci kambun duniya a 2019 bai sake ɗaga shi ba sai a Satumban 2025 a Japan.

Abin da ya ruɗi Marquez har ya yi gaggawar komawa yana da tushe. A 2013 wani ɗan tseren MotoGP, Jorge Lorenzo, ya karya ƙashin gaban kafaɗa ranar Alhamis a Assen ta Holan, aka yi masa tiyata cikin dare, ranar Asabar ya yi tsere ya zo na biyar, duniya ta yi ta tafa masa. Ba a cika tuna cewa bayan mako biyu ya sake faɗuwa a Jamus, farantin ya lanƙwashe, aka sake kwantar da shi ba.

Farantin ƙarfe riƙe ƙashi yake yi a wuri ɗaya, ba shi ke haɗa shi ba. Haɗewar ƙashin babban mutum takan ɗauki mako 6 zuwa 12, manyan ƙasusuwan ƙafa ma fiye da haka. Ciwo yana tafiya tun kafin ƙashi ya yi ƙwari, don haka rashin jin ciwo ba izini ba ne. Izini yana cikin hoton da likita ya duba. Ka je duk ranar da aka ba ka. Ka ci abin da ke gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nono. In kana shan sigari ka ajiye, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Wurin tiyata in ya fara ja, ko zafi, ko fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar komawa. Maganin kashe ciwo irin su tiramadol a sha shi iya yadda likita ya rubuta, domin ɗan acaɓan da ke haɗiyarsa don ya iya fita aiki da karyayyen hannu yana ɓata ƙashin ne yana kuma koya wa jikinsa jaraba.

Bayan an cire siminti sai gashin ƙashi, wanda mutane da yawa ke gudu saboda zafi da kuɗin mota. Gaɓar da ta yi makonni ba ta motsa ba takan sandare, naman wurin ya zube. Ka sa ma'aikacin ya koya maka motsa jikin da za ka riƙa yi a gida, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana.

Mataki na takwas: komawa kan babur

Kafin ka hau, ka gwada kanka a tsaye. Za ka iya matse birkin hannu da dukkan ƙarfinka ba tare da ciwo ba? Za ka iya tallafe babur da ƙafar da ta karye in ya karkata? Za ka iya waiwaye hagu da dama ba jiri? Wanda ya bugu a kai kuma ya jira har ciwon kai da jirin su ɗauke gaba ɗaya, likita ya sallame shi, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko muni.

In jiki bai dawo yadda yake ba, ana iya gyara babur ya dace da shi. Mick Doohan ɗan Ostareliya ya kusa rasa ƙafar dama bayan faɗuwarsa a Assen a 1992. Da ƙafar ta kasa taka birkin baya, sai aka mayar masa da birkin hannun hagu, yana danna shi da babban yatsa, kuma da shi ya ci kambun duniya sau 5 a jere daga 1994 zuwa 1998.

Ka fara a fili mara motoci, da rana, ba fasinja. Tsoron kwana zai zo, kuma yakan sa mutum ya ƙura wa ramin da yake gudu ido, alhali babur inda ido ya kalla yake bi. Ka koya wa idonka kallon mafitar kwana. Shi ma babur ɗin a kai shi wurin makaniki ya duba ƙahon tuƙi da ƙafafun gaba ko sun karkace, da gammon taya da birki. Riga da safar hannu a bi ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya. Hular da ka faɗi da ita kuwa, ka yanke maɗaurinta kafin ka jefar, don kada wani ya tsince ta ya kai kasuwa.